Haɗa kwamfuta da rediyo don aika Morse da karɓarsa: abinda yake aiki da wanda baya yi

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na karanta tambayarka, kace kana da laftof, kana sha'awar harkar rediyon 'yan ham, wato masu magana da juna ta rediyo don sha'awa, kuma kaji ance akwai manhajar da zaka rubuta saƙo a kibod ta maida shi Morse, wato saƙon gajeren sauti da dogo da ake kira ɗigo da ja, ta aika, in an amsa maka kuma ta fassara maka a allo, shine kake son sanin wace manhaja ce, me zaka saya, kuma ko mutum zai iya shiga harkar ba sai ya zauna ya koyi ɗigo da ja ba.

Toh, akwai manhajar kam, ba ɗaya ba ma. Amma bari in faɗa maka abinda na so ace an faɗa min tun farko: wajen aikawa kwamfuta gwana ce, babu ɗan adam ɗin da hannunsa zai kai ta tsafta, amma wajen karɓa tana da nauyin kunne sosai. Duk shirin da zaka yi ka ɗora shi akan wannan, in ba haka ba zaka kashe kuɗi ka haɗa komai, ka kira CQ, wato kiran neman mai amsawa, wani ya amsa maka, kai kuma ka tsaya kana kallon allo ya cika da E E T I E kamar kaji sun bi ta kan rubutu.

Dalilin yana cikin yadda aka gina Morse ɗin kansa. Komai lissafin lokaci ne. Ɗigo shine ma'auni ɗaya, ja uku ne, shirun dake tsakanin ɗigo da ja a cikin harafi guda ɗaya ne, tsakanin harafi da harafi uku, tsakanin kalma da kalma bakwai. Ana auna sauri da kalmar PARIS saboda in ka haɗa ta da shirun bayanta ma'auni 50 ce cif, kenan in ance mutum yana bugawa a kalma 20 a minti, ma'auni 1000 ne a minti ɗaya, ɗigo ɗaya ya tashi milisakan 60, ja 180. Hanya mafi sauƙi ka raba 1200 da saurin, abinda ya fito shine tsawon ɗigo. Kaga wannan ga kwamfuta wasan yara ne, kunna kashe kunna kashe akan lokaci. In ta zo karɓa kuma abinda take yi shine ta saurari sauti ɗaya, misali 700 haz (haz shine yawan kaɗawar sauti ko igiyar rediyo a daƙiƙa ɗaya), ta yanke hukunci "yanzu akwai sauti, yanzu babu", ta auna tsawon kowanne ta kwatanta da wancan lissafin. In wanda ya aiko shima na'ura ce ta buga masa, siginar kuma da ƙarfi, zata karanta maka babu kuskure ko ɗaya. Matsalar itace mutane ba na'ura bane.

Kowane mai bugawa da hannu yana da nasa salon, kamar dai rubutun hannu, tsofaffin ma'aikatan tangaraho da jin bugu suke gane wanene a ɗaya gefen wayar tun kafin ya faɗi sunansa. Wani jansa yana kai ma'auni huɗu ko biyar, wani yana manne haruffa, wani yana ɗan numfasawa a tsakiyar harafi. Ɗauki CQ, wato kiran da ake yi in ana neman duk mai ji ya amsa. C shine ja ɗigo ja ɗigo, Q kuma ja ja ɗigo ja. In mutum ya ɗan yi jinkiri a tsakiyar kowanne, manhaja zata rubuta maka NN MA, kuma ba ƙarya tayi ba, abinda ya buga kenan in aka bi ƙa'ida. Haka THE in aka manne T da H sai ya koma 6E. S da H da 5 kuwa ɗigo uku ne da huɗu da biyar, siginar ta ɗan nitse na ƙiftawar ido ɗigo ɗaya ya ɓace shikenan lambar kiran mutum, wato sunan tasharsa a iska, ta canza. Sannan ga tsawa, musamman da damina a wajenmu, duk wani ƙaras da walƙiya tayi ko a nesa ne manhaja ɗauka take ɗigo ne, ɗigo ɗaya kuwa shine E, ja ɗaya T, shi yasa su biyun nan suke cika allo in babu kowa a layi.

Kunnen mutum ba haka yake aiki ba. Uwa tana tsakiyar gidan biki, ga kiɗa ga guɗa ga surutu, ɗanta yayi kuka daga can ƙuryar ɗaki ta tsinto muryarsa a cikin yara goma. Haka wanda ya iya Morse yake tsinto sigina ɗaya a cikin uku da suka hau kan juna don kawai sautin ɗaya ya ɗan fi ɗaya kauri, kuma in harafi ya ɓace masa ya san abinda ya kamata ya zo wurin saboda ya san zancen da ake. Manhaja bata san zance ba.

Duk da haka ban ce kar ka yi ba, nima da ita na fara. Shawarata ka fara da sauraro, kuma kar ka sayi komai tukuna. Akwai rediyoyi da mutane suka jona da intanet kowa ya shiga ya murɗa, ana ce musu WebSDR, wanda yafi shahara shine na Jami'ar Twente a ƙasar Holan, yana kama gajeren zango gaba ɗayansa har wajen megahaz 29. Akwai kuma masu suna KiwiSDR birjik a ƙasashe da yawa. Sai ka sauke fldigi, kyauta ce, wani Ba'amurke Dave Freese mai lambar kira W1HKJ ne ya jagoranci aikinta, tana hawa Windows da Linux da Mac. Abinda ya rage shine yadda sautin da yake fitowa daga burauza zai shiga fldigi. Wasu suna kara makirfo a bakin sifika, yana yi amma duk motsin ɗaki zai shiga, har kukan akuya. Gara ka saka ƴar manhajar nan VB-Cable, ita kamar waya ce ta ƙarya a cikin kwamfutar, ka ce wa burauza ta zuba sautinta a ciki, ka ce wa fldigi ta ɗebo daga ciki.

In ka buɗe fldigi ka shiga Op Mode ka zaɓi CW, haka 'yan ham suke kiran Morse na rediyo. A ƙasa zaka ga wani allo mai gangarowa kamar ruwa yana zuba, wotafol suke ce masa, kowace sigina zata fito a matsayin siririn layi mai yankewa yana dawowa, da idonka ma zaka ga ɗigo da ja. Ka danna linzami daidai kan layin, daidai fa, don in ka kauce da haz 50 ma karatun zai fara lalacewa. Sai abu uku da mutane suke kuskure akai. Na farko ƙarar sauti, suna ƙure ta a zaton haka zai fi ji, alhali in sauti ya cika ya tumbatsa murguɗewa yake, ka bar shi tsaka tsaki. Na biyu SQL, wato ƙofar da take hana hayaniya shiga, ka ɗaga ta sannu a hankali har E da T ɗin banza su daina fitowa, amma kar ka wuce nan sai ta toshe siginar ma. Na uku sauri, manhajar tana bin saurin mai bugawa da kanta amma cikin iyaka, in ka barta a 18 mutum yana zuba 35 zata rikice, sai ka matsar da ita kusa da inda kake zato. Ka kuma matse filta, sigina ta CW faɗinta bai wuce haz 150 ba, kai kuma in kana saurare da filtar magana mai haz 2400 ka buɗe ƙofa ne wa hayaniya da maƙwabta ba gaira ba dalili. 500 yayi, in wuri ya cushe 250. In rediyon yana da maɓallin rage hayaniya na zamani ni kashe shi nake in manhaja ce zata karanta, yana daɗaɗa wa kunne amma yana dagula gefen ɗigo.

Ina zaka murɗa? CW a farkon kowane zango yake zama, a megahaz 7.000 zuwa 7.040, 14.000 zuwa 14.070 (shine ake kira zangon mita 20), 21.000 zuwa 21.070. Don gwaji ka nemi abinda ka tabbata na'ura ce take bugawa. Akwai tashoshi 18 a faɗin duniya da aikinsu kawai su faɗi lambarsu, suna karɓa karɓa a 14.100 da 18.110 da 21.150 da 24.930 da 28.200, kowacce daƙiƙa 10, zagaye ɗaya minti 3. Tana buga lambarta a kalma 22 a minti sannan ta ja dogon sauti sau huɗu, na farko da wat 100, sai 10, sai 1, sai kashi ɗaya cikin goma na wat. A nahiyarmu akwai ZS6DN a Afirka ta Kudu da 5Z4B a Kenya. Sai tashar W1AW ta ARRL, ƙungiyar 'yan ham a Amurka, da take watsa darasin koyo a 7.0475 da 14.0475, sai dai lokacin yammarsu mu dare ya raba a nan, amma suna ajiye sautin da rubutunsa a shafinsu, ka sauke ka kunna wa manhajar ka kwatanta. In kana son ganin manhaja tana burgewa kuwa ka jira ƙarshen makon ƙarshe na Nuwamba, gasar CQ WW ta CW, kusan kowa da kwamfuta yake bugawa kuma saƙon gajere ne, zaka ga lambobi suna zubowa tsaf.

Ba fldigi kaɗai bace. Akwai CwGet, akwai MRP40 wadda ni a ganina ta fi fldigi haƙuri da sigina mai rauni amma ta kuɗi ce, sai kuma babbar yayarsu CW Skimmer ta Alex Shovkoplyas VE3NEA da ta fito a 2008, ita ba sigina ɗaya take karantawa ba, in ka bata faffaɗan zango daga rediyon SDR, wato wanda kwamfuta ce take sarrafa siginar da ya kamo, ɗaruruwa take karantawa a lokaci guda ta jero maka lambobin kira a gefe. Itama ta kuɗi ce bayan kwana 30 na gwaji. Mutumin yana da wata ta wayar Android mai suna Morse Expert in kana son gwadawa da waya. Ka gwada biyu akan sigina ɗaya zaka sha mamaki, kowacce da inda take tuntuɓe.

In kazo sayen naka rediyon ka lura da wannan, ƙaramin rediyon gida da ake jin BBC da shi ba zai yi ba sai in yana da SSB ko BFO. CW ba sauti ake aikowa ba, igiyar rediyon ce tsirara ake kunnawa ana kashewa, rediyonka ne yake ƙirƙirar sautin "tii tii" ɗin da kansa, wanda bashi da wannan sashin abinda zaka ji kawai fuf fuf kamar ana hura wuta. Mafi araha shine ɗan RTL-SDR mai kama da filash, amma ka nemi V3 ko V4, don na gama gari daga wajen megahaz 24 yake farawa, ya tsallake inda ake harkar. Kuma tunda na san tambayar zata biyo baya, a'a, Baofeng ɗin nan na hannu ba zai yi ba, FM ne zalla. Eriya kuwa waya ce kawai, na zangon mita 20 ka yanka waya biyu kowacce kimanin mita 5 ka ɗaure su sama iya yadda zaka iya, nesa da wayar wuta.

Abinda yafi bani wahala a gida ba tsawa bace, kayan wutar sola ne. Na taɓa shafe kusan sati biyu ina zargin manhaja, na cire na sake sakawa, na canza kebul, wotafol cike da layuka a jere kamar haƙoran matsefi kowane 'yan kilohaz, ashe na'urar cajin sola ce ta gidan. Ranar da na gane, kashe komai nayi na jona rediyon da batirin mota, laftof ma na zare cajarta, sai ga zangon yayi tsit har ina jin tashoshin da ban taɓa sanin suna nan ba. Daga nan na riƙa kunna abubuwa ɗaya bayan ɗaya. Cajar laftof mai araha, ƙwan LED, cajar waya, duk suna da nasu kason. Kayi wannan gwajin kafin ka zagi kowace manhaja. Wani lokacin ma na maƙwabci ne, wannan kuma sai haƙuri da matsar da eriya.

Yanzu aikawa. Kafin komai lasisi, watsa sigina sai da izinin hukumar sadarwa ta ƙasarka da lambar kira taka, na Najeriya da 5N suke farawa, Nijar 5U, Ghana 9G, Kamaru TJ, Chadi TT, Sudan ST. Kar ka yi wasa da wannan, ballantana a yanayin tsaron da ake ciki a ganka da eriya da na'urar aika saƙo babu takarda. Tun 2003 dokar duniya ta daina tilasta jarrabawar Morse kafin a bada lasisin gajeren zango, an bar wa kowace ƙasa zaɓi, Amurka ma ta cire tata a 2007, jiragen ruwa kuwa tun 1999 suka koma wani tsarin na neman agaji. Amma je ka saurari farkon mita 20 da yamma kaji ko ya mutu.

Hanyar farko ta aikawa, wadda fldigi take yi in baka canza komai ba, itace ta ƙirƙiri sautin a cikin kwamfuta ta tura shi rediyo yana kan USB, ina nufin yanayin magana na SSB ba kafar kebul ba. In sautin tsaftatacce ne abinda zai fita iska daidai yake da CW, mai karɓa ba zai bambance ba. Sai dai ka sani inda kake fita shine abinda ke kan allon rediyo a tara da sautin, 14.030 da sautin haz 700 ya zama 14.0307. Haɗarin kuma in ka cika ƙara sautin zai haifi 'ya'ya, 700 ya haifi 1400 da 2100, dukkansu kuma suna cikin faɗin filtar magana, kenan ka fito a wuri uku lokaci guda kana damun mutane baka sani ba. Maganinsa ka ɗaga sautin sama da 1500 yadda ɗansa na farko zai faɗa waje da filta, ka kuma rage ƙara har allurar ALC, wadda take nuna ƙarar tayi wa rediyo yawa, ta daina motsi. Kuma ka kashe sautukan kwamfuta, kar saƙon WhatsApp ya shigo duniya taji ƙararrawarsa. Ni bana son hanyar nan, don a rediyo da yawa tana hana ka amfani da siririyar filtar CW.

Hanya ta biyu itace kwamfuta ta zama yatsan da yake danna mabugi, wato makunnin da ake buga Morse da shi. Rediyo yana kan CW sosai, kwamfuta kuma tana rufe wayoyi biyun ramin KEY tana buɗewa. Ana yi da kebul ɗin USB zuwa siriyal mai ƙafa 9, ƙafa ta 4 itace DTR ita aka saba ba CW, ta 7 RTS ta tada rediyo ya shiga aikawa, ta 5 ƙasa. Kayan haɗin basu kai kuɗin katin waya ba: tiransisto 2N2222 ko BC547, rezisto 1k daga ƙafa ta 4 zuwa ƙafarsa ta tsakiyar aiki wato bes, emita zuwa ƙasa, kalekta zuwa kan filogin KEY. Duk mai gyaran rediyo a kasuwa zai haɗa maka cikin minti goma in ka zana masa. In ka samu oftokofla 4N25 ko 4N35 ya fi, don shi da haske yake isar da umarnin, babu wayar da ta haɗa kwamfuta da rediyo kai tsaye. Kar ka manta ka kashe na'urar bugu ta cikin rediyon ka maida shi kamar mabugin hannu aka jona, in ba haka ba kowane ja da kwamfuta ta aiko zai koma ɗigo ɗigo ɗigo. Kuma in tsohon rediyo ne mai bawul kar ka jona wannan, wasunsu akwai wuta mai ƙarfi kuma a juye a ramin KEY, take zata ƙona tiransiston. Sababbi irin IC-7300 sun hutar da kai, kebul ɗin USB ɗaya ya ɗauki sauti da umarni da bugun duka, a menu kawai zaka ce DTR ne CW.

Wani abu da ya taɓa bani kunya da wannan hanyar: na bar rediyo a kunne na sake tada laftof, ashe yayin da take tashi tana lalubar kafofinta tana ɗaga DTR tana saukewa, sai naji rilo yana ƙaras ƙaras, jar fitila tana walƙiya, ina watsa shirme da cikakken ƙarfi akan wasu mutum biyu da suke tsakiyar hira. Tun ranar kwamfuta nake fara kunnawa, in buɗe manhaja, sannan rediyo, kuma maɓallin BK-IN, wanda yake barin rediyo ya fara aikawa da an buga, a kashe yake sai na shirya. Duk gwajin farko kuma akan domi lod mai om 50, wato rezisto mai shanye siginar kar ta fita iska, nake yi ba akan eriya ba.

Aibin hanya ta biyu shine kwamfuta tana da ayyuka da yawa a kanta, tana cikin ja sai wani abu ya ɗauke mata hankali na milisakan 20 ko 30, a saurin 25 kuwa ɗigo gaba ɗayansa 48 ne, kaga bugun ya fara ɗingishi. Shi yasa masu gasa suke amfani da WinKeyer na K1EL, ɗan akwati ne mai ƙwaƙwalwarsa, kwamfuta haruffa kawai take tura masa shi kuma ya kula da lokaci, kuma zaka iya jona mabugin hannu a jikinsa ka katse kwamfutar duk sanda kaso. fldigi ta san shi, N1MM Logger+ ta masu gasa ma haka. In kana taɓa Arduino akwai tsarin K3NG kyauta da yake kwaikwayonsa. In zaka daɗe a harkar nan ka nufa.

In kaga kana fara aikawa kebul ɗin USB ya yanke ko linzami ya haukace, siginarka ce take dawowa ta wayoyi. Ka naɗa kebul ɗin sau biyar shida a zoben ferait, wato baƙin zoben nan mai tare siginar rediyo a jikin waya, ka rage wat, ka nisanta eriya da ɗakin.

Sai yaren da ake yi. Ba cikakken Turanci ake rubutawa ba, gajerce gajerce ne, kuma in baka san su ba ko manhaja ta karanta daidai zaka zaci shirme ne. DE daga, K bismillah kai nake jira, TU na gode, 73 gaisuwar sallama, QTH inda kake, QRS rage sauri, QRM wasu sun hau kanka, QRN tsawa, QSB sigina tana nitsewa tana tasowa, AGN maimaita. Rahoton sigina 599 ne amma 5NN zaka gani, don 9 doguwa ce sai ake sa N a madadinta, T kuma a madadin sifili. A gasar Nuwamban nan abinda zaka bayar kenan da lambar yankinka, Najeriya da Nijar da Ghana duk 35 ne, wato 5NN 35. Ana ɗora waɗannan akan F1 F2 F3 ka danna ɗaya ya tafi. Ƙa da ɗa da ɓa da ƴa babu su a Morse, in da ɗan'uwa Bahaushe kuke hira K da D da B da Y zaku buga ku gane daga zance, kamar dai yadda muke yi a tes.

Kuskuren da kusan duk mai fara da kibod yake yi, nima nayi, shine saurin aikawa. Tunda ba hannunka bane sai ka saita 28 don kar a raina ka. A al'adar CW kuwa da saurin da ka kira da shi ake amsa maka. Na taɓa kira haka wani dattijo daga Italiya ya amsa min da irin mabugin nan mai lilo da yake zuba ɗigo da kansa amma ja da hannu ake yi, ɗigonsa kamar ruwan sama akan kwano jansa kuma dogo har da lanƙwasa, allo ya rubuta min lambarsa kala uku daban daban, sauran kuwa babu kalma ɗaya mai ma'ana. Na aika AGN, ya maimaita, na sake, ya sake, bawan Allah har sau huɗu, daga ƙarshe ya rage sauri sosai ya buga min harafi ɗaya ɗaya, kuma abin haushin a lokacin da kunnena na kama sunansa ba da allon ba. Da na kira a 15 tun farko da ba'a kai nan ba. Ka aika a saurin da kunnenka zai iya kama aƙalla lambar kira da rahoto, in an yi maka sauri kace PSE QRS, wato don Allah rage sauri, yawancinsu zasu sauko.

Wanda ya kawo mu koyo, kuma nan ne kwamfuta tafi amfani a ganina, malama ce da bata gajiya. Kar ka haddace jadawalin ɗigo da ja da ido, wannan shine tarkon, zaka riƙa ƙirgawa a zuci kuma ba zaka wuce kalma 10 a minti ba. Ai wanda ya tashi a gidan sarauta in makaɗi ya saki taken wani ba ƙirga bugun kalangu yake ba, ji ɗaya ya san wa ake nufi. Haka harafi zai zame maka, "daa di daa" kaji K ba tare da tunani ba. Tsarin Koch, na wani Bajamushe masanin halayyar ɗan adam Ludwig Koch tun shekarun 1930, haka yake: a fara maka da harafi biyu kacal amma a cikakken sauri, in kana kama kashi 90 cikin 100 a ƙara na uku. Ka haɗa da tsarin Farnsworth, harafin yana fita a saurin 18 ko 20 amma a baka dogon shiru tsakaninsu, a hankali ana matse shirun. Shafin LCWO.net kyauta ne darasi 40, akwai G4FON ta kwamfuta in data tana maka wuya, in ka ɗan ƙware kuma Morse Runner zata jefa ka cikin gasar ƙarya da hayaniya da mutane suna rububinka. Minti 15 kullum bayan asuba ya fi awa uku ranar Lahadi. Wata biyu zuwa uku haruffa zasu zauna in baka tsallake kwanaki, wasu sun fi haka sauri wasu sun fi jinkiri.

Ranar da lasisinka ya fito ka haɗa komai, ga gwajin farko da zaka yi. Ka sa kwamfuta ta buga CQ CQ DE lambarka sau biyu, sannan ka buɗe shafin Reverse Beacon Network ka rubuta lambar. Tashoshi ne na masu sa kai da suke kunna CW Skimmer dare da rana, duk wadda ta jika zata rubuta ƙasar da take, ƙarfin siginarka da desibel, da saurinka. In ka fito a Jamus da Faransa da Brazil ka san bugunka tsaf yake kuma eriya tana aiki, in baka fito ko ina ba ka koma ka duba SWR, wato ma'aunin dacewar eriya da rediyo, da kebul. Ka dai shirya, tashoshin CW daga 5N da 5U ba yawa garesu ba, masu tara ƙasashe nemansu suke, da an ganka a jerin zasu taso maka su ashirin akan sauti ɗaya, layukan wotafol su cure wuri guda, fldigi ta koma E E T. In hakan ta faru ka buga UP 1 ka koma saurare kilohaz ɗaya sama da inda kake aikawa, su bazu, sai ka tsinci wanda yafi fitowa fili ko da harafi biyu na lambarsa ka kama, ka buga su da alamar tambaya, shi zai cike maka sauran.